Minti na Tamanin da Bakwai

Gidan kallon Hambali, bayan Kasuwar Barci:
rumfar kwano, benci tara, fanka ɗaya mai tari.
Kuɗin shiga ɗari biyu ne a ƙofa,
gardama kuwa kyauta.

Tun ba a je hutu ba Lurwanu tela ya miƙe:
"Wane irin koci ne wannan?
Mutum goma a bayan ƙwallo kamar masu gadin banki!
Sai baya, sai gefe, sai kuma baya.
A saki yaron nan ta hagu, a ba shi fili,
ko ɗinki ai gaba yake tafiya."

Yohanna makanike, da ke zuwa daga Sabon Tasha duk Asabar,
bai ko waiwayo ba:
"Motar da ba birki ma gaba take tafiya, Lurwanu.
Uku na kwance a makon nan."

Aka fashe da dariya. Wani ya tofar da tukar rake.

Ni ina ƙarshen benci,
inda ƙafar dama ke samun wurin miƙewa.

Minti saba'in, mai lamba tara ya zube,
babu wanda ya taɓa shi.
"Cin lokaci ne!" in ji na baya.
Na yi shiru, don na gani:
mai ciwon gaske ba ya birgima,
hannu ɗaya yake ɗagawa, ya zuba wa sama ido.
Mutum shida suka rugo da jakunkuna,
aka nuno faɗuwar sau huɗu, a hankali, ta kowace kusurwa.

Tawa faɗuwar a filin Unguwar Sanusi ce,
jar ƙasa da tsakuwa, ranar wata Lahadi.
A baro aka fitar da ni.
Mai ɗori ya ja, na ciji hular wani.
Ba wanda ya maimaita hoton,
gwiwar ce ke maimaita min shi duk asuba.

Tamanin da bakwai: raga ta girgiza!
Benci biyu suka kife, shayin Mudi ya bi ƙasa,
Lurwanu ya rungume wanda yake bi bashi.
Sai alƙali ya sa yatsa a kunne.
Ya tsaya. Ya zana akwati a iska.

Ga layi ja, ga layi shuɗi,
ga bakin takalmi an kumbura shi ya cika bango.
"Satar gida ce."
"Gidan wa aka sata da ɗan yatsa?
Shekara ashirin ina awo,
ban taɓa auna mutum yana gudu ba!"
"Gaskiya gaskiya ce," in ji Yohanna, "ko da faɗin farce."

Baba Tanimu, da ya tsufa yana busa usur a gasar unguwanni,
ya gyara zama:
"Mu a lokacinmu ido biyu ne, da tsoron Allah,
da sanin katangar da za ka haura in an tashi."

Alƙali ya juyo, ya kai usur baki,
janareta ya yi tari biyu ya mutu.

Duhu.
Hambali na rantsuwa lita uku ya zuba.
Wayoyi suka haska fuskoki, kowacce sai juyawa take, ba labari.
Can daga tsallaken kwata, gidan kallon Sabi'u,
ihu ya taso ya daki kwano.

"Kun ji ko? An bayar!"
"An soke dai. Ai 'yan shuɗiyar riga sun fi yawa a can."
"Wannan ihun murna ne."
"Murnar wa?"

Suka ɗora daga nan, a cikin duhu, ba mai niyyar tashi.
Na shafa gwiwata, tana zugi a hankali.
Ruwa zai sauko kafin gari ya waye.
Ita kam ba ta taɓa neman a sake duba mata ba.